Majigi a Cinya Daga Dakoro Zuwa Kano

Tun ranar da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. In na je pompo a tambaye ni, in na je gidan suna a tambaye ni, har maƙwabciyata Madam Fati ta biyo ni tsakar gida da kwanon dambu wai don in ba ta labari tun daga tushe. Kowa kuma da abin da ya ji. Wasu sun ji an tsare ni a bakin iyaka, wasu sun ji wai na haihu a cikin mota. Ba a tsare ni ba, ban kuma haihu ba. Bari in rubuta yadda aka yi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Zeinabu mai koya wa matan ƙungiyarmu karatu da rubutu bayan la'asar, a ɗakin taron da ke bayan kasuwar dabbobi. Wani poroje na masu kawo agaji ne ya ba mu majigi da ordinater, wato kwamfuta, da ɗan akwatin wifi, ya kafa mana farantin hasken rana, da wa'adinsa ya cika ya tattara ya tafi. Mutanen porojen ne suka rataye majigin can sama a jikin ƙarfen rufi, don a kan tebur kawunan mutane suna tare haske, ƴan goye kuma suna jan waya. Daga ƙasa muke kunna shi da telekomand, ɗan abin nan mai maɓallai.

Shugabarmu Hajiya Mariama ba ta yarda telekomand ya kwana a ɗakin ba, kullum a haɓar zanenta take ɗaure shi. Ran nan ta je Tagriss duba shanunta, ta leƙa rijiya don ta ga inda ruwa ya tsaya, ƙulli ya kwance. Ta ce ta daɗe tana saurare kafin ta ji faɗawarsa a ruwa. Wanda ya san rijiyoyin Tagriss ya san ba ƙari ta yi ba.

Mun fara gwada kunna majigin da sandar makiyayi. Rana ta farko aka dace. Rana ta biyu sandar ta yi ta taɓa maɓallan da ba su ba, hoto ya juye kai ƙasa, muka yi darasin ranar kowa wuyanta a karkace. Daga nan Baba Tanko, gardin ɗakin, wato mai gadinmu, ya ɗauki aikin hawa tsani sau biyu kullum, kunnawa da kashewa. Dattijo ne da ya haura saba'in. Wata Alhamis ƙafarsa ta zame, ya faɗo a kan hannunsa, wuyan hannun ya karye. Ni na riƙe shi har gidan maɗori.

Aka yi taro. Hajiya Mariama ta ce ba mai sake hawa tsanin nan. In ba a samu dabara ba, a sauke majigi a rufe shi a akwati. Ni kuwa na san abin da hakan yake nufi. Rabin matan nan majigin ne ya kawo su, don a nan suke ganin yadda ake yi wa awaki rigakafi da yadda ake haɗa kunun yara, karatun kuma ya shige su ta gefe. Saura wata biyu ruwa ya sauka kowa ta tafi gona. In aji ya watse yanzu, ba ya sake haɗuwa. Na ce a ba ni majigin in kai Maradi in nemo wani telekomand.

Mai walda ya zo ya sauke shi, sai dai ba shi da abin kwance ƙananan kusoshin da suka riƙe ƙarfen rataya. Haka ya miƙo mini shi da ƙarfensa a manne, ya ƙi shiga kwali. Na naɗe shi da tawul, na ƙara da zane biyu.

Abokiyar tafiyata Gwaggo Saude ce, ƙanwar mahaifina, wadda take kai cuku, busasshen nonon nan namu, da kilishi Kano ta dawo da atamfa da kwanuka. Muka shiga motar hayis da sanyin safiya, ita a bakin taga da buhun cukunta a ƙarƙashin ƙafa, ni a gefenta da majigi a cinya. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ɗaga shi in rungume, don an gaya mini ƙwan da ke ciki ba ya son girgiza.

A Kornaka wata mata ta shigo ta matsu kusa da ni. Ta dubi ƙunshin, ta dube ni, ta ce, "Sannu da jego, baiwar Allah. Amma kin rufe shi da yawa cikin zafin nan. Namiji ko mace?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Namiji na. Ido guda gare shi."

"Wayyo! Haka anka haife shi?"

"Haka munka same shi. Ba shi kuka, ba shi shan nono, sai dai in ya daɗe a farke ya yi ta huci."

Matar ta shiga addu'a, ta fara yi mana kwatancen wani mai magani a garinsu. Tana tsakar kwatance sai wayar majigin ta zamo daga cikin zane ta faɗo mata a ƙafa. Ta zabura ta yi salati. Mota duka ta ɗauki dariya, har sofer da ke tuƙa mu sai da ya rage gudu. Ba ta sake yi mana magana ba sai a Tibiri, inda ta sauka, ta leƙo ta taga ta ce, "To, Allah shi raya." Ina jin daga bakin ƴan motar nan ne zancen haihuwata ya koma Dakoro.

A Maradi mun zaga rumfunan masu kayan lantarki har ƙafafuna suka yi zafi. Telekomand kam ga su nan tuli, amma duk wanda aka nuna wa majiginmu sai ya yi kamar ba da shi ake ba. Daga ƙarshe aka tura mu wurin wani mai gyaran tele, Isufu. Ya juya shi, ya nuna mini wata ƴar kafa mai kusurwa huɗu a bayansa.

"Madam, wannan ai ba ya buƙatar telekomand. In aka haɗa shi da akwatin wifi ta nan, da tarhonki na hannu ma za ki kunna shi, kina zaune."

Na ce, "To, haɗa mini."

Ya jona shi, ya haska bango, ya bi maɓallan jikinsa har ya kai wurin da aka rubuta rezo, wato sadarwa. Nan majigi ya ce a sa kod. Isufu ya gwada sifili huɗu, ya gwada ɗaya biyu uku huɗu, ya tsaya ya share gumi. Na kira lambar mutanen poroje, aka ce lambar ba ta aiki.

Ya ce, "Ba zan ɓoye miki ba, in na ci gaba da lalube zan iya rufe shi gaba ɗaya. Mutum ɗaya na sani da ya iya irin wannan, Injiniya, a Kano. Shi ke kafa su a manyan ɗakunan taro." Ya rubuta mini kwatance a bayan kwalin batir.

Ni da na fito da niyyar komawa gida da yamma, ko kayan canji ban ɗauko ba. Gwaggo ta ce, "Mi kike tunani? Ni can za ni. Taho mu tahi." Na kira maigidana na yi masa bayani. Ya ce, "Da safe kin ce Maradi, yanzu Kano. In kin isa Makka ki gaishe su." Na ɗauki wannan a matsayin izini.

A Dan Issa aka duba kart dantite ɗinmu, wato katin shaida, da takardar kyautar majigi mai hatimin poroje, aka ce mu wuce. Da muka tsallaka wancan ɓangaren wani ma'aikaci mai faɗin fuska ya nuna cinyata.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Majigi ne, ranka ya daɗe."

Ya kwashe da dariya, ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ji, majigi! Rabona da jin kalmar nan tun kakana yana da rai. Frojekta ake cewa. Me kike yi da shi?"

"A lakkwal ta manya nake aiki da shi."

"A ina?"

"Makaranta."

"To ki ce makaranta mana. Yana aiki?"

"Yana yi, in akwai kuran."

Ya ja da baya kaɗan. "In akwai kura?"

Gwaggo ta sauke buhunta. "Lantarki take nuhi. Ku da kuke ce ma lantarki wuta, ku ne za ku yi ma wani dariya? A Dakoro in mutum ya yi ihu ya ce an kawo wuta, da bokiti za a hito."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya karɓi takardar, ya ga Faransanci ce, ya juya ta gaba da baya, ya ce in fassara masa. Na fassara layi bayan layi. Ya miƙo mini ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malama. Ki gai da ɗalibai." Tsarewar da aka ce an yi mini ke nan, duka ba ta kai dahuwar shayi ba.

Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, ban ga komai ba sai ƙeyar mutumin da ke gabana. Cinyoyina sun mutu tun kafin rabin hanya. Da magariba muka sauka Fagge, gidan Hajiya Binta, ƙawar Gwaggo ta shekaru masu yawa, wadda duk zuwa a wurinta take sauka.

Gidan bene ne, aka ba mu ɗaki a sama. Abu na farko da ya ba ni mamaki, na je zan jona tarhona sai na ga kafar jikin bango uku ce, masu kusurwa, alhali kan wayata biyu ne, zagayayyu. Hajiya Binta ta zo da tsinken sakace ta tura a kafar sama, ta cusa wayata a na ƙasa, ta ce haka duk baƙin Nijar suke yi. Na yi bisimilla na ja da baya. Ya yi aiki, amma ban sake matsawa kusa da bangon ba.

Abinci kuma labari ne. Aka kawo mana gurasa da ƙuli da yaji, na ci na yaba. Da safe aka ce ga shayi, sai na ga an dire mini kofi kamar na alwala, cike da madara, da burodi mai laushi wanda in ka matse shi sai ya koma kamar ƙwallon fura. Gwaggo ta san halinsu, ta fito da ƴar butarta da ƙananan finjalai, ta roƙi gawayi ta zauna a bakin matakala tana dafa namu. Hajiya Binta ta ce, "Ku dai mutanen Nijar, awa biyu a kan abin da bai cika cokali uku ba." Gwaggo ta ce, "Ku kuma kun zuba ruwan zafi a madara kun ce shayi." Haka suke yi duk zuwa, in ji su, kuma kowace sai ta sha na ƴar uwarta. Matan gidan suka yi ta sa ni maimaita "ƙaƙa kuka kwana" suna dariya. Ni ma na rama, don su kowace magana sai sun sa mata Turanci a gaba da baya. Cuku kuwa ba a yi masa dariya ba. Kafin mu fita an cinye wanda Gwaggo ta ba su tsaraba.

Muka hau adaidaita. Na ga motoci a Maradi, amma ban taɓa ganin inda kowa yake tuƙi da hon ba sai nan. Kwatancen Isufu ya kai mu wani dogon gini mai shaguna sama da ƙasa, kowane da janareta yana ruri a ƙofa. A shagon da aka nuna mana akwai wani mutum mai tumbi da babbar riga zaune a kan kujera. Gwaggo ta rusuna ta shiga gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta ce daga Dakoro muka taso musamman saboda shi. Mutumin ya yi ta amsawa yana washe baki. Sai da ta gama ya ce, "Ni ma jira nake, Hajiya. Ga Injiniya can."

Can ciki wata mata ce zaune a bayan tebur, ba za ta wuce shekara talatin ba, ta ɗaure hijabinta ta baya, tabarau mai ƙara girman abu a goshinta, ƙarfen dalma a hannunta yana hayaƙi. Sunanta Ruƙayya. Ashe Isufu bai taɓa ganinta ba, labari kawai yake ji.

Gwaggo ta ce, "Ke ce Injiniyar?"

"Ni ce, Mama. Kada ki damu, kullum sai an gai da wani kafin ni."

Na kwance zannuwa na ɗora majigi a tebur, na ba ta labari tun daga rijiya har hannun Baba Tanko. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce, "Bari mu fara cire masa wannan ƙarfen, yana tare mini hanya." Ta ɗauko wani ɗan sukudireba mai kan tauraro, ta kwance kusoshi huɗu, ta ɗaga ƙarfen. Ta tsaya tana kallo. Sannan ta juyo mini da cikin majigin.

A inda ƙarfen ya rufe, wani ya rubuta lambobi huɗu da baƙin alƙalami, manya-manya, ya ja layi a ƙarƙashinsu.

"Malama, ga kod ɗinki."

Na ƙura wa lambobin ido. Tun daga Dakoro abin yana kan cinyata. Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe tebur, tana cewa, "Ƙasa biyu munka ratsa da shi!"

Injiniya ta ce, "Ba ki yi asarar tafiya ba. Buɗe ƙofa ne kawai wannan, aikin yana ciki. Matso."

Ta jona shi, ta sa kod, shafin ya buɗe a jikin farin bango. Sai ta ɓata fuska, don komai da Faransanci yake. Ta ce za ta iya mayar da shi Turanci, amma ta fasa. "Ke za ki zauna da shi, a bar shi a yarenki. Ki karanta mini, ni in gaya miki aikinsa."

Haka muka yi. Ni in ce rezo, ita ta ce netwok. Ni in ce i-pe, ita ta ce ai-pi. In muka rasa mahaɗa sai mu koma Hausa. Ta ɗauko wata shuɗiyar waya ta soka a kafar nan da Isufu ya nuna mini, ɗaya kan kuma a akwatin wifi na shagonta. Ta tambaye ni ina namu akwatin. Na ce yana Dakoro a kan kanta, ba wanda ya ce mini in taho da shi.

"To sai kin buɗe kunne da kyau, don ke za ki ƙarasa aikin a can."

Ta nuna mini wani layi mai haruffa huɗu, de-ash-se-pe a karatunmu. Ta ce in yana kunne, akwatin wifi ne yake ba majigi lamba, kuma yau ya ba shi wata gobe wata, sai ka neme shi ka rasa. Muka kashe shi. Sannan muka ba majigi lambarsa ta dindindin, kashi huɗu da ɗigo a tsakani. Ta ce kashi uku na farko dole su zama daidai da na akwatin, kamar gida biyu a unguwa ɗaya. Na huɗun kuma nasa ne shi kaɗai, kada wani abu ya yi tarayya da shi. Layin da ke ƙasa ta ce in kwafe yadda yake kada in taɓa. Na ƙasansa kuma, wanda na karanta mata paserel, ta ce lambar akwatin ce ita kanta ake sawa.

Muka koma wani shafi, na karanta mata kalmar da take nufin barci. Ta buga tebur. "Nan ne mutane suke faɗuwa. In ba ki kunna sadarwa a nan ba, za ki iya kashe shi daga nesa, amma ba za ki iya tashinsa ba. Dole ko yana barci kunnensa ya zauna a buɗe."

Saura kalmar sirri. Ta ce in zaɓi wadda ba zan manta ba, wadda kuma ba mai ganewa. Ina cikin tunani Gwaggo ta ɗaga murya daga bakin ƙofa, "Sa cuku!" Mai tumbi ya ji, maƙwabcin shago ya ji, har mai sayar da ruwa da ke wucewa ya waiwayo. Na sa wata daban, kuma ba zan rubuta ta a nan ba.

Injiniya ta haɗa tarhona da wifi, ta ce in rubuta lambar majigi a inda ake neman shafi. Na rubuta. Sai ga wani shafi ya fito da maɓallai, na kunnawa, na kashewa, na ƙara, na girman hoto. Na danna ɗaya. Hasken bango ya ɗauke. Na jira ya huce na sake dannawa. Ya yi ɗan huci ya dawo. Gwaggo ta fizge tarhon ta fita har bakin matakala, ta juya wa shagon baya, ta danna. Ya mutu. Ta dawo tana tafiya kamar wadda ta ci zaɓe.

Ina shirin naɗe kayana sai Injiniya ta shiga wani wuri ta danna, duk abin da muka yi ya goge.

Gwaggo ta ce, "Ke ɗiyar nan, lahiya?"

"Lafiya lau, Mama. Malama, sake daga farko. Ni ba zan yi magana ba."

Sau uku ta sa ni na yi. A na farko na manta ɗigo. A na biyu na manta maganar barci, ta ƙyale ni har na kashe shi na kasa tashinsa, sannan ta ɗaga gira. A na uku ban yi kuskure ba. Ta yanko mini doguwar shuɗiyar waya daidai da tsawon ɗakinmu yadda na kwatanta, ta ba ni sukudirebanta mai kan tauraro kyauta, ta ce a ba mai walda. Gwaggo ta ba ta cuku. Ta jujjuya shi ta ce ta ɗauka kwali ne, sai da Gwaggo ta gutsura ta ci a gabanta.

Gwaggo ta tsaya cinikinta, ni na juyo ni kaɗai washegari, da zanen aro na Hajiya Binta. Wannan karon majigi ya shiga jaka, ba wanda ya yi mini sannu da jego.

Ranar Asabar aka taru a ɗakin taro. Hajiya Mariama a gaba, Baba Tanko a gefe da hannunsa rataye a wuya, mai walda yana jingine da tsani yana jiran in ce a hau. Na ce a bari in gwada a kan tebur tukuna. Na soka waya, na kunna, na rubuta lamba a tarho. Aka ce ba a samu shafin ba. Na sake. Ba a samu ba. Na kira Injiniya, kiran bai shiga ba. Mata suka yi ta fifita suna kallona.

Hajiya Mariama ta ce, "Madam, ko a Kano kaɗai yake jin magana?"

Na ɗauki akwatin wifi ɗinmu don kawai hannuna ya samu abin yi, na juya shi, na ga ƴar takarda manne a ƙasansa da lambarsa. Na karanta a hankali. Kashi na uku ɗaya ne. Na majigin kuwa sifili ne, irin na shagon Kano. Na bi maɓallan jikinsa na gyara, na gyara paserel, na rubuta sabuwar lambar a tarho. Shafi ya buɗe. Na kashe, na jira, na kunna. Guɗa ta tashi. Mai walda ya hau ya rataye shi, ya bi da wayar ta jikin bango, ya sauko da tsaninsa ya fita da shi.

Ranar Litinin muka koma karatu. Tun da na fara aikin nan, a gaba nake tsayawa kusa da ordinater. Ranar, don in nuna cewa ina iyawa daga ko'ina, na ɗauki tarhona na tafi can ƙarshen ɗaki na zauna a tabarmar baya, kusa da Inna Hassu, wadda ta girmi kowa a ajin. Ita da ƴan layinta kullum sai na yi musu faɗa, don ba sa sa wa haruffa ƙugiya. Su rubuta baki inda ake nufin baƙi, kafa inda ake nufin ƙafa.

Na kunna majigi, darasi ya fito, na ɗaga kai. Daga inda nake zaune, ni da idona lafiya, ban ga ƙugiya ko ɗaya ba. Haruffan ƙanana ne, gefensu ya narke cikin hasken da ke shigowa ta taga.

Na ce, "Inna, haka kuke gani kullum?"

"Haka na, ɗiyata."

"Me ya sa ba ku taɓa faɗa mini ba?"

"Mun ɗauka haka karatun yake."

Kunya ta rufe ni. Na danna maɓallin girma sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har kalma biyu suka cika bango, baki a hagu, baƙi a dama. Inna Hassu ta miƙa wuya ta daɗe tana kallo. Sannan ta zunguri ta kusa da ita.

"Ke, duba! Ashe na daman da ɗan kallabi a kai."

Ta jawo allonta, ta lashi yatsa ta goge abin da ta rubuta, ta sake rubuta shi a hankali, ta ɗaura masa kallabinsa. Ta ɗaga mini ta ce, "Yanzu yi faɗan in ji."